Kama da wane ba ta wane: sankarar huhu da ke zuwa da kamannin tarin fuka da sanƙarau

 

To, hunturu ya kama, ƙura ta tashi, kuma kowa a ƙasar Dendi ya san abin da wannan lokaci yake zuwa da shi. Daga Disamba har ruwan farko ya sauka wajen Yuni, uwa ba ta barci da ido biyu idan yaro ya ce kansa na ciwo. Muna cikin ƙasashen da masana ke kira zirin sanƙarau, wanda ya taso daga Senegal ya dire Habasha. Dattawa ba su manta 1996 ba, shekarar da sanƙarau ya kama kimanin mutum 250,000 a ƙasashen Afirka, ya kashe wajen 25,000. Mu matasa kuma mun ga 2015 da idonmu, lokacin da fiye da mutum 8,000 suka kamu a Nijar, sama da 500 suka rasu, kuma Yamai da jiharmu ta Dosso na cikin inda abin ya fi ƙamari.

A tsakiyar wannan lokaci ne ranar 4 ga Fabrairu ke faɗowa, ranar yaƙi da cutar kansa ta duniya, wadda mu muke ce wa sankara ko ciwon daji. Sanƙarau da sankara, sunayen kusan ɗaya a baki. Sharhinmu na wannan mako kan wata cuta ce da ta haɗa su biyun: sankarar huhu idan ta yaɗu ta kai ga tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da lakar baya. Farkonta tana kama da tarin fuka, ƙarshenta tana kama da sanƙarau. A tsakanin kamannin nan biyu ne iyali ke asarar lokaci da dukiya.

Abin da ya faru a gidanmu

Ba a littafi na fara sanin cutar nan ba. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya yi shekaru yana tuƙin babbar mota tsakanin Kwatano da Yamai. Tun yana karen mota yake shan taba. Da ya fara tari, kowa ya ce ƙurar hanya ce. Da tarin ya daɗe, ya fara rama, aka auna kakinsa har sau biyu ba a ga ƙwayar tarin fuka ba. Amma da yake alamun sun yi kama, aka ɗora shi kan maganin. Ya sha wata biyu, ya sha uku, ba sauƙi. Mu kuma maimakon mu koma mu faɗi haka, sai muka juya wajen masu saiwa da jiƙe-jiƙe. Nan saniya guda ta tafi, buhunan shinkafa suka bi ta.

Sai da ya fara tofar da jini muka kai shi babban birni. Hoton ƙirji ya nuna ƙari a huhun dama, aka ɗebi ɗan nama aka auna, aka ce sankara ce kuma ta yi nisa. Muka dawo gida. Bayan 'yan watanni, ana tsakiyar zafi, sai ciwon kai ya taso masa, da amai da sassafe. Ran nan ya dube ni ya ce: "Ɗana, ku biyu nike gani." Kunnensa ɗaya ya daina ji, ƙafafunsa suka yi nauyi. Unguwa ta ɗauka sanƙarau ne, mata suka hana yaransu shigowa gidan. Wasu suka ce iska ce, tunda bakinsa ya ɗan karkace. Muka sake ɗaukarsa. Aka ja ruwan bayansa, babu ƙwayar sanƙarau. Aka sake ja karo na biyu, nan aka ga ƙwayoyin sankarar. Bai cika wata biyu ba bayan haka Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa da dukkan musulmi.

Ajali ba ya wuce lokacinsa, wannan mun yarda. Abin da ke damuna har yau shi ne watannin da muka ɓatar, da kuma makonnin da ya yi yana kwance ana gudunsa kan cutar da ba ta kama kowa.

Me ke faruwa a cikin jiki?

Ƙwaƙwalwa da lakar da ke cikin ƙashin baya ba a tsirara suke ba. Tantani uku ne suka lulluɓe su, kuma tsakanin na ciki guda biyu akwai wani ruwa garai-garai da ke zagayawa daga kai har ƙugu. Ruwan ba shi da yawa, wajen mililita 150 ne a jikin babban mutum, bai kai sulusin ledar ruwan sha ta rabin lita ba. Amma jiki na yin sabo yana shanye tsoho ba tsayawa, har yakan yi kusan rabin lita a yini.

Sanƙarau da muka sani ƙwayar cuta ce ke shiga wannan wuri daga hanci da maƙogwaro, tantanin ya kumbura. A cutar da muke magana kuwa, ƙwayoyin sankara ne suke ɓallewa daga ƙarin da ke huhu, su bi jini su faɗa cikin ruwan. Da sun shiga, ruwan da kansa ke yawo da su, kamar yadda Isa ke kwashe kainuwa ya kai ta kowace gaɓa. Sai su manne kan jijiyoyin ido, na kunne, na fuska, da waɗanda ke sauka zuwa ƙafa da mafitsara. Shi ya sa alamun ke fitowa nan da can lokaci guda: gani biyu-biyu, kurumcewa, karkacewar baki, ciwon baya mai sauka ƙafa, kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ruɗewa, wani lokaci har jijjiga irin ta farfaɗiya. Idan kuma suka toshe hanyar da ruwan ke fita, ya taru a kai, sai ciwon kai mai tsanani da amai, musamman da safe.

Sankarar huhu da ta mama su ne kan gaba wajen yin haka, sai wata sankarar fata. A cikin masu nau'in sankarar huhun da ya fi yawa, waɗanda cutarsu ta yi nisa, kimanin 3 zuwa 5 cikin 100 ne abin ke kai wa ga tantanin. Ke nan ba kowane mai sankarar huhu ne zai gamu da shi ba. Amma ga wanda ya gamu da shi, alama ce cewa cutar ta kai mataki na ƙarshe.

Yadda ta bambanta da sanƙarau

A nan ina roƙon a saurara da kyau, kada a ɗauki maganata a juye. Duk wanda zazzaɓi mai zafi ya rufe shi farat ɗaya, da ciwon kai, da sanƙarewar wuya, yaro ne ko babba, a kai shi CSI a cikin wannan sa'a. Sanƙarau na iya kisa cikin kwana ɗaya, kuma yana da magani idan an yi sauri. Ba aikin iyali ba ne su zauna suna tantancewa.

Bambancin da likitoci ke dubawa shi ne: sanƙarau na zuwa da gudu, cikin sa'o'i ko kwana ɗaya zuwa biyu, da zazzaɓi, kuma ya fi kama yara da matasa. Sankarar tantani kuwa tana tahowa sannu a hankali, cikin makonni, yawanci ba zazzaɓi, ba kullum wuya ke sanƙarewa ba, kuma ta fi zuwa ga babban mutum wanda dama ya daɗe yana tari yana rama. Sanƙarau na yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, kuma akwai rigakafinsa. Tun 2010 aka fara allurar MenAfriVac a Nijar da Mali da Burkina Faso. Sankara ba a ɗaukarta. Ci da shi a kwano ɗaya, ka kwana ɗaki ɗaya da shi, ka wanke masa jiki, ba abin da zai same ka. Allurar rigakafin sanƙarau kuma ba ta hana ta, maganin sanƙarau ba ya taɓa ta.

Akwai na uku da ke ƙara rikita lissafi: tarin fuka ma kansa yakan hau tantanin ƙwaƙwalwa, shi ma a hankali. Wannan yana warkewa da magani. Saboda haka ido kaɗai ba ya raba gardama, sai an ja ruwan baya an auna. Mutanenmu da yawa na tsoron wannan allura, ana cewa tana gurgunta mutum. Gaskiyar ita ce ana soka ta ne a ƙasan ƙugu, ƙasa da inda lakar ta ƙare. Kuma idan likita ya ce a sake ja, ba don ya yi kuskure ba ne. A jan farko, wajen rabin masu cutar ne kawai ake ganin ƙwayoyin sankarar a ruwansu. Jan na biyu kan kai abin wajen 80 cikin 100. Sauran aikin na na'urar IRM ne, mai ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa da laka.

Tushen abin yana huhu

Kafin cutar ta kai kai, ta daɗe a ƙirji. A lissafin hukumar binciken kansa ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2022, sankarar huhu ce ta ɗaya a duniya: kimanin mutum miliyan 2.5 suka kamu a shekarar, miliyan 1.8 suka mutu. A Nijar, rajistar masu kansa da aka buɗe a 1992 a jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ta fi nuna sankarar mama, ta hanta da ta bakin mahaifa. Wani zai ce to ta huhu ba tamu ba ce. Ni ina ganin a yi hattara da wannan magana. Rajista na ƙirga wanda ya isa babban asibiti ne aka gano cutarsa. Manomin da ya yi tari wata takwas a ƙauye ya rasu aka ce tarin fuka ne ko sammu, babu wanda ya rubuta shi.

Dalilin ruɗanin a bayyane yake. Tari mai daɗewa, rama, kasala, ciwon ƙirji, jini a kaki, dishewar murya, duk cututtukan biyu na kawo su. Tarin fuka ya fi yawa nesa ba kusa ba a wajenmu, gwajinsa da maganinsa kyauta ne, don haka daidai ne majo ya fara da shi. Inda gizo ke saƙa shi ne bayan nan. Maganin tarin fuka na wata 6 ne, kuma ana sake auna kaki a ƙarshen wata na 2. Mai tarin fuka na gaskiya da ke shan maganinsa kullum yakan fara jin sauƙi cikin makonni, ci ya dawo, nauyi ya ƙaru. Idan wata biyu ya cika babu canji, musamman idan dama ba a ga ƙwayar a kaki ba, kuma mutumin ya haura 40 yana shan taba, to lokacin neman hoton ƙirji ya yi. Kada a daina maganin da kai, domin hakan na da nasa haɗarin. A koma a faɗa wa majo, a nemi takardar turawa gaba.

Me ke kawo ta? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba ce ke da alhakin kusan 85 cikin 100 na sankarar huhu. Sigari, shisha da samarinmu suka ɗauka ado, da hayaƙin da matar gida da yara ke shaƙa a ɗakin mai shan taba, duk suna ciki. Nijar na da dokar yaƙi da taba tun Mayu 2006, wadda ta hana sha a wuraren taruwar jama'a, amma kowa ya ga yadda ake sayar da kara ɗaya-ɗaya a kowane tebur, har a aiki yaro ya sayo.

Bayan taba akwai abin da ya shafe mu musamman. A 2012 hukumar binciken kansa ta saka hayaƙin injin gazuwal cikin abubuwan da aka tabbatar suna kawo sankarar huhu. Ku tuna direbobi, kanikawa da 'yan dako da suka yi rayuwarsu cikin jerin manyan motocin Gaya. Haka hayaƙin itace a ɗakin girki marar taga, da na bandar kifi a bakin kogi: hukumar ta sa hayaƙin itace cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna kawo ta. Shi ya sa macen da ba ta taɓa riƙe sigari ba ita ma tana iya kamuwa, kuma bai kamata a yi watsi da tarinta ba.

Daga Tanda zuwa ina?

Bari mu bi hanyar da marar lafiya ke bi. Daga CSI sai asibitin gundumar Gaya. Daga nan sai babban asibitin jiha a Dosso, tafiyar wajen kilomita 150. Daga Dosso sai Yamai, kusan wasu 140. A Yamai ne ake da ƙwararrun huhu da na ƙwaƙwalwa, da ɗakin auna naman da aka ɗebo, da cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa, CNLC. A watan Maris 2021 ne tsohon shugaban ƙasa Issoufou Mahamadou ya buɗe sashen gashi da na'ura a cibiyar, na farko a tarihin ƙasar, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya. An tsara shi don ya karɓi kimanin marasa lafiya 600 a shekara. Ci gaba ne babba, domin kafin nan sai mai hali ko wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa ke fita waje neman gashi. Amma cibiya ɗaya ce ga ƙasa mai mutum fiye da miliyan 25.

Mu mutanen iyaka mun saba da duba gabas da kudu. Ta Kamba ana shiga Birnin Kebbi, a wuce asibitin koyarwa na jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, mai sashen kula da masu kansa. Ta Malanbil kuma ana gangarawa Paraku ko Kwatano. Siyasa ta taɓa waɗannan hanyoyi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, takunkumin CEDEAO ya rufe iyakoki. An ɗage shi a Fabrairu 2024, iyakar Najeriya ta buɗe a Maris na shekarar, amma gadar Gaya da Malanbil ta ci gaba da zama a rufe ta ɓangaren Nijar, jama'a suka koma tsallaka kogi da jirgin ruwa. Mai lafiya zai iya. Mutumin da ƙafafunsa suka mutu, kansa na sarawa, a ɗauko shi daga kabu-kabu a saka a jirgi a sake fito da shi, wannan wata jarrabawa ce daban. Duk ranar da shugabanni suka zauna kan maganar iyaka, ya kamata a tuna ba kaya kaɗai ke bin gadar nan ba.

A maƙwabciyarmu Kebbi akwai abin koyi. Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu, wadda ta kafa gidauniyar Medicaid mai wayar da kai da gwajin kansa, an zaɓe ta a 2024 ta zama shugaba mai jiran gado ta UICC, ƙungiyar duniya da ke jagorantar ranar 4 ga Fabrairu. A nan kusa da mu ta yi aikin wayar wa mata da kai.

Akwai magani?

Zan faɗi gaskiya ko da ɗaci. Idan aka gano sankarar huhu tun tana ƙarama ba ta yaɗu ba, ana iya yanke ta mutum ya warke. Idan ta kai tantanin ƙwaƙwalwa, likitoci ba sa maganar warkewa, sai dai rage wahala da ƙarin kwanaki masu daɗi. Abin da aka gani ga marasa lafiya da yawa shi ne, ba magani makonni 4 zuwa 6 ne, da magungunan da aka saba kuma wata 2 zuwa 4. Wannan lissafin mutane ne, rai na hannun Mai shi. Wata 'yar fim ta Amurka, Valerie Harper, wadda ba ta shan taba, an gano mata sankarar huhu a 2009, a 2013 aka ce ta kai tantanin kuma watakila wata uku ya rage mata. Ta rayu har Agusta 2019. Sai dai irinta ba su da yawa, kuma ta samu kulawar da ba kowa ke samu ba.

Abin da ya sa maganin ke da wuya shi ne, Allah ya yi wa ƙwaƙwalwa shinge da ke tace abin da ke shigarta daga jini. Shingen na kare ta daga guba, amma yana tare yawancin magungunan kansa, waɗanda ake ce wa shimiyo. Don haka wani lokaci ana zuba maganin kai tsaye cikin ruwan baya, ko a gasa wurin da ƙwayoyin suka taru, ko a sa siririn bututu ya rage ruwan da ya taru a kai. Akwai kuma sabbin ƙwayoyi na sha. Wasu masu sankarar huhu, galibi mata da waɗanda ba sa shan taba, cutarsu na da wani canji da ake kira EGFR. Ga irinsu, maganin osimertinib, da ake sayarwa da sunan Tagrisso, yana ratsa shingen, kuma a wani gwaji rabin waɗanda suka sha shi sun kai wajen wata 11. Amma sai an auna naman an tabbatar da canjin, ga shi da tsadar gaske. Wanda ba shi da wannan canji, ko ya sha ba zai amfane shi ba.

Sai tsohuwar maganar nan ta cewa daji ba ya son ƙarfe, wai in an taɓa shi da allura ko wuƙa sai ya fusata. Abin da ke faruwa shi ne muna kai mutum a makare, a ɗebi nama, ya rasu bayan mako uku, sai a ce allurar ce. Cutar ce dama ta riga ta gama aikinta. Ba a hana kowa addu'a da rubutu ba, a haɗa su da zuwa asibiti tun da wuri.

Inda ya rage wa hukuma

Tun 2007 Nijar ta sanya kula da sankarar mata, ta mama da ta mahaifa, cikin abubuwan da ake yi kyauta. Sankarar huhu ba ta cikin wannan jeri. A Agusta 2024 kuma gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta rage kuɗin ganin likita, gwaje-gwaje da kwanciya a asibitocin gwamnati da kashi 50 cikin 100, daga 1 ga Satumba. Talaka ya ji daɗin wannan. Amma ga mutumin Tanda, kuɗin asibiti kashi ɗaya ne na nauyin. Akwai kuɗin mota na mutum biyu ko uku, masauki da abinci a Yamai, maganin da ake rubutowa a saya a farmasi, da gonar da aka bari ba mai nome ta.

A ganina abu uku ne za su fi taimakonmu, kuma ba su kai tsadar gina sabuwar cibiya ba. Na ɗaya, ya zama ƙa'ida cewa duk babban mutumin da ya yi wata biyu kan maganin tarin fuka ba sauƙi, a yi masa hoton ƙirji a tura shi gaba ba jinkiri. Na biyu, a lokacin sanƙarau dama ana aika ruwan baya Yamai don a auna. Idan na babban mutum ya fito ba ƙwayar cuta, alamun kuma na ci gaba, a duba shi ta fuskar sankara. Na uku, maganin ciwo. Morfin na cikin jerin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce dole kowace ƙasa ta tanada, kuma ba shi da tsada. Duk da haka wani kwamitin mujallar likitanci ta Lancet ya nuna a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun ko kashi 1 cikin 100 na irin wannan magani. Ya kamata wanda aka sallamo daga Yamai ya iya samunsa a Gaya ƙarƙashin kulawar likita, ba a bar iyali suna sayen tramol na kan tebur ba.

Saƙo ga 'yan uwa na gida da na waje

Ku da ke Kwatano da Legas da Kumasi, mun san ku ake kira da tsakar dare, ku ne ke zuwa Nita ko Al Izza da safe. Allah ya saka da alheri. Ga shawara daga wanda ya taɓa shiga wannan hali.

Kafin ka aiko da kuɗin magani, tambayi sunan cutar. Ka ce a ɗauki hoton takardar likita a turo maka ta WhatsApp. Kuɗin farko su tafi ga gwaji da hoto da mota, tun marar lafiya na iya zama da kansa. Kada ka sayi ƙwayoyin kansa a can ka aiko don wani ya ce sun yi wa ɗan uwansa aiki, kuma ka yi hattara da masu tallan "maganin daji sadidan" a Facebook da TikTok. A tara duk takardu da hotuna a jaka ɗaya, a zaɓi mutum ɗaya mai natsuwa ya zama shi ke magana da likita. Ya yi tambaya kai tsaye: "Likita, wannan maganin na warkarwa ne ko na rage ciwo? Idan mahaifinka ne, za ka kai shi gaba ko za ka mai da shi gida?" Matambayi ba ya ɓata.

Idan amsa ta zo cewa abin ya yi nisa, to ba gazawa ba ce a dawo da shi cikin iyalinsa. A nemi maganin ciwo da na rage kumburin kai kafin a baro asibiti, a tambayi yadda ake ba da su. A riƙa juya shi a shimfiɗa kada bayansa ya yi gyambo, a ɗaga masa kai, a ba shi kunu kaɗan-kaɗan yana zaune don kada ya shaƙe. Idan ya fara magana ba kan gado, ba hauka ba ne kuma ba aljani ba ne, cutar ce. Mai hankalinsa kuma yana da haƙƙin sanin halin da yake ciki, cikin lallami, don ya yi wasiyya, ya faɗi bashin da ke kansa, ya nemi gafarar wanda zai nema. Kada a sayar da gonar marayu a kan tafiyar da likita da kansa ya ce ba za ta canza komai ba.

Ku kuma maƙwabta, ku shiga ku gaishe shi. Ba ya harbin kowa.

Wanda ke shan taba, ko shekara nawa ya yi yana sha, ranar da ya bari haɗarin ke fara raguwa. Uwar gida a fitar da murhu waje ko a buɗe wa ɗakin girki taga. Wanda tarinsa ya wuce mako biyu ya je a auna, wanda aka ba magani bai ji sauƙi ba ya koma ya faɗa. Mu a gidanmu wannan komawar ce ba mu yi ba.

Mai tambaya ko ƙarin bayani ya aiko mana, za mu miƙa wa ma'aikatan lafiya su amsa a shirinmu. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti, ya raba mu da sanƙarau da sankara baki ɗaya.